Babur ɗin da Ya Bari a Soro

Ranar da na fita takaba, bayan na yi wanka na sake kaya, na bar mata a tsakar gida suna rabon waina na nufi soro. A nan babur ɗin maigidana yake jingine tun ranar da ciwo ya kwantar da shi. Na yaye tamfol ɗin da aka rufa masa. Ƙura ta yi masa fari, tayar baya ta sace, gizo-gizo ya yi saƙa tsakanin madubai. Na goge wurin zama da gefen mayafina, na mayar da tamfol, na koma cikin mutane.

Ni haifaffiyar Sabo ce, nan Ibadan. Fataucin goro ne ya kawo kakana ya zauna, don haka Yarbanci a bakina yake kamar Hausa. Maigidana kuwa daga arewa ya zo yana saurayi. Ya fara da dako a kasuwar Shasha, yana ɗaukar kwandunan tumatir a ka, har Allah ya hore masa babur. Daga nan ya koma kai wa masu abinci kaya, albasa da attaruhu da tattasai, ya ɗaure su a baya har su fi shi tsawo. Ni ma cikin masu abincin nake, tuwon shinkafa nake sayarwa a bakin titi, kuma shi ke kawo mini cefane kafin rana ta ɗaga. Ya rasu ya bar ni da 'yan mata biyu da namiji a goye. Da malam ya zo rabon gado bai daɗe ba, don ba wani abu ne mai yawa ba. Ya ce babur namu ne, ni da yara.

Marigayin yana da ƙani, uwa ɗaya uba ɗaya. Maigidana ne ya aika ya taho daga ƙauye, ya ba shi soron nan yana kwana, ya koya masa tuƙi, ya kuma tsaya masa har ya samu wani tsohon babur irin nasa. Wannan tsohon babur ya sha dariya a unguwarmu, an fi ganin ana tura shi da a ga an hau shi. Na ciyar da ƙanin nan safe da dare shekara da shekaru, ina masa wasa irin na ƙanin miji, shi kuma yana kirana Yaya. Da aka yi rasuwa ya fi kowa kuka. Makullin soro a hannunsa ya ci gaba da zama, tunda a nan yake kwana, shi da babur ɗin wansa.

Wani abu ya riƙa faruwa da ni a cikin takaba wanda ban gaya wa kowa ba. Hon ɗin maigidana yana da wata murya a shaƙe, kamar ta ɗan akuya mai mura, duk lungunmu an san ta. To ina zaune a ɗaki sai in ji wannan muryar a bakin titi. In miƙe, sannan in tuna. Na ɗauka baƙin ciki ne yake taɓa mini kai. Na riƙa tashi ina alwala ina neman tsari.

Niyyata in ba wani maƙwabcinmu babur ɗin, magidanci mai natsuwa, ya riƙa kawo mini cefane da safe, sauran yini ya yi okada, wato acaɓa, mu raba abin da ya samu. Na yi masa magana, washegari ya zo da galan ɗin fetur da famfo. Ya ba taya iska, ya zuba mai, ya murɗa makulli. Ko ɗigon haske bai nuna ba. Ya ce batir ne, dole ya mutu bayan wannan dogon zama, amma irin wannan babur ko babu batir yana tashi da kik. Ya yi ta buga kik har rigarsa ta jiƙe. Suka fitar da shi shi da wasu mutane, suka tura shi a gangaren lungunmu, ya sa giya ya saki kuloci, babur ya yi ɗan gurnani ya tsaya. Suka turo shi suka dawo suna haki.

Ƙanin maigidana yana tsaye a bakin ƙofa yana kallo.

"Yaya, ai na gaya miki," in ji shi, alhali bai taɓa gaya mini komai ba. "Ɓeraye sun yi yawa a soron nan, ga danshin damina. Kuma tun yana raye babur ɗin ya fara ba shi wahala, bai dai faɗa miki ba ne. Da za ki ji shawarata, a sayar wa 'yan gwangwan kawai a huta."

Maigidana ba ya ɓoye mini lafiyar babur ɗinsa. Ko filogi ya canza sai na ji labarin a kan kwanon tuwo.

Na shirya na tafi unguwar Mokola. Akwai wani dattijo Bayarabe a can, mai gyaran wayoyin babur, irin waɗanda ake ce wa rewaya. Rumfarsa tana bayan shagunan masu sayar da kayan gyara, kuma wurinsa kaɗai maigidana yake kai babur in matsalar wuta ce. Har gaisuwar rasuwa ya zo, ya zauna a tabarma cikin Hausawa. Na durƙusa na gaishe shi da Yarbanci na gaya masa abin da ke tafe da ni. Matarmu yake ce mini, kamar yadda suke kiran matar aboki. Ya ce kada a wahalar da kowa da turi, shi zai zo gida.

Ya iso da hantsi, da jakar buhu a kafaɗa da batir a hannu. Babur ɗin ƙanin maigidana yana kafe a ƙofar gida. Na ga dattijon ya ɗan dakata ya dube shi, sannan ya yi sallama ya shigo. Aka jawo na marigayi bakin soro inda haske yake. Na ɗauko kujera na zauna da yaro a cinya. Ƙanin ma bai fita aiki ba, ya ce zai taimaka da buga kik.

Dattijon ya buɗe murfin gefe ya ciro batir. Ya juya shi, ya duba ƙasansa, ya ajiye. Ya jona nasa. Ya murɗa makulli, shiru. Ya bi wayar da yatsa har ya kai ga fis, ya tarar babu fis ɗin ma, gurbin ne kawai. Ya zaro wani daga aljihu ya sa, koren haske ya kama a mita. Na ji daɗi har na ce alhamdu lillahi a fili.

"Tukuna, matarmu," ya ce da gurguwar Hausarsa. "Wannan fitila ne kawai. Wutar da ke tada inji daban."

Ya kwance filogi, ya goge bakinsa, ya mayar da shi cikin hularsa, ya ɗora shi a jikin inji. Ya ce a buga. Ƙanin ya buga kik. Dattijon ya kare hasken rana da tafin hannu yana leƙen bakin filogin. Ya ce a ƙara. Ya yi mini bayani cewa in lafiya lau ne za a ga ɗan tartsatsi shuɗi yana tsalle a wurin, amma babu ko alama. Ya sa sabon filogi, haka. Ya ce wani lokaci makulli ne ke riƙe wuta ko an buɗe shi, ya cire wata waya a bayan makullin aka sake bugawa, haka. Ya kwance wayar da ke kama jikin ƙarfe, ya kankare tsatsar wurin da wuƙa, ya ɗaure, aka buga, haka dai.

"Danshi ne, Baba," in ji ƙanin. "Na ce mata danshi ne."

Dattijon bai ɗago ba. Ya ciro wani ƙaramin ƙwan fitila mai wayoyi biyu, ya maƙala ɗaya a jikin inji, ɗaya a wayar da ta fito daga cikin injin. Aka buga kik, ƙwan ya yi ja ya mutu. Aka ƙara, ya sake yin ja.

"Inji yana ba da wuta," ya ce. "A hanya take ɓacewa. Sai mun ɗaga tanki."

A nan ne ƙanin ya ce yana da fasinja da ke jiransa a Ojoo. Dattijon ya ce ya ɗan yi haƙuri, tankin yana son hannu biyu. Suka cire wurin zama, suka zare tiyon mai, suka ɗaga tankin suka ajiye gefe.

Ban san komai game da waya ba, amma ko ni na ga abin bai yi kama da aikin kirki ba. Wayoyin sun tsufa, fatarsu ta tsattsage, an murɗe bakinsu da hannu an naɗe da guntayen baƙar leda. Wasu ma a sake suke suna reto. Dattijon ya tsuguna ya daɗe yana kallo. Ya taɓa wani ɗan baƙin akwati kamar na ashana, ya juya shi, bayansa a fashe. Ya shinshina kwail, abin da ke tura wuta zuwa filogi, ya yamutsa fuska. Ya shafa kan notunan da ke riƙe su. Ko'ina ƙura ce da tsatsa, amma gefunan notunan suna ƙyalli.

Sai ya juya harshe ya koma Yarbanci, bai canza murya ba, kamar mai ci gaba da bayanin gyara. Ƙanin maigidana ba ya jin Yarbanci sai na ciniki da fasinja.

"Matarmu, ki riƙe fuskarki yadda take, kada ki dube shi. Wayoyin nan ba na babur ɗin nan ba ne. Kafin mijinki ya kwanta, bayan ruwan da ya shiga masa, ni da hannuna na sa masa sababbi tun daga gaba har baya. Ni da dalma nake haɗa waya, ba na murɗewa. Ɓera yana ci ne, ba ya yankewa daidai ya kuma ɗaure da leda. Akwatin nan matacce ne, kwail ɗin ƙonanne, batir ɗin ma ba wanda na sa ba ne. An kwashe masu kyau an zuba waɗannan."

Na tambaye shi, ni ma da Yarbanci, ko ya san inda suka tafi.

"Da zan shigo na ga bakin wayar fitila a wancan na ƙofar gida. Na san ɗinkin hannuna."

Ƙanin yana tsaye a kanmu yana murmushi, yana duban bakinmu. Ya ce, "Yaya, me yake cewa? Zai gyaru?"

Na sauke yaro na ba babbar 'yata, na fita ƙofar gida. Makullin ƙanin yana jikin babur ɗinsa. Na murɗa, na danna hon. Muryar nan ta fito, a shaƙe, irin wadda na yi watanni ina neman tsari daga gare ta. Na sake dannawa. Wata maƙwabciya ta leƙo ta taga tana salati, don ita ma ta gane ta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai har yau shi ne bai ji kunya ba. Ya biyo ni waje ya zare makullinsa ya sa a aljihu.

"Aro na yi, Yaya. Babur yana ajiye yana lalacewa, nawa kuma yana hana ni nema. Kayan ɗan'uwana ne. Da zan mayar."

"Shi ya sa ka ce a sayar wa 'yan gwangwan?"

"Cefanen da nake kawo muku kina takaba, da wane babur kike tsammani nake nemo shi?"

Ya kawo cefane, gaskiya ne, sau uku ko huɗu, tumatir ɗin da ya fara ruɓewa wanda ake bari a gindin mota. Na yi masa godiya a lokacin har da hawaye.

Na kai magana wurin yayana, shi kuma ya kai wa dattawan lungunmu. Aka zauna bayan la'asar a ƙofar masallaci, ni ina daga cikin soron gidan liman ina ji, ana tambayata in amsa ta bayan labule. Ƙanin ya maimaita maganar aro. Ya yi kuka, ya ambaci sunan wansa, ya ce shi ne uban yaran nan yanzu, in bai tsaya da ƙafafunsa ba wa zai riƙe su. Na ji dattawa suna cewa haka ne. Ɗaya daga cikinsu ya ce abin da ya kamata shi ne ya nemi izini, wannan kuskure ne, amma ba za a kira shi sata ba tunda a cikin gida abin yake. Wani ya ce waya ce fa kawai ake magana a kai, ba gona ba. Aka ce ya mayar da kaya, ni kuma in yi haƙuri in riƙe zumunci saboda marayu.

Daga nan maganar ta juya inda ban zata ba. Wani ɗan garinsu, shi ma ɗan okada, ya ce shi abin da ya ba shi mamaki shi ne yadda aka bar Bayarabe ya shigo har cikin gida ya haɗa 'yan'uwa faɗa, kuma da yaren da mutum ba ya ji. Ya ce wa ya san abin da ya faɗa mata. Wa ya san ma ko shi ne tun farko bai sa wa marigayi kayan kirki ba. Na ɗaga murya daga bayan labule na ce ƙarya ne, yayana ya leƙo ya ce in yi shiru, maza suna magana. Aka shafa fatiha aka tashi.

Bayan kwana biyu ƙanin ya aiko mini da baƙar leda. Na buɗe na tarar da hon, da fis, da wani tsohon batir. Na ɗauka na kai Mokola. Dattijon ya zazzage ledar a kan bencinsa ya dube ni.

"Sauran fa?"

Na ce abin da aka ba ni ke nan. Na koma wurin yayana, ya ce an riga an yi sulhu, kada in tono abin da dattawa suka binne, mutane za su ce ba ni da kunya. Ya ce in tuna watarana 'yan matan nan za su yi aure, kuma wurin baffansu za a je nema.

Dattijon ya haɗa mini babur ɗin da kayan kwance da ya tsinto a rumfarsa. Ya yi yini biyu a soronmu yana bin waya ɗaya bayan ɗaya, yana narka dalma a kan ɗan kaskon gawayi da na hura masa. Da ya gama ya ɗora filogi a jikin inji, maƙwabcinmu ya buga, na ga tartsatsin da idona, shuɗi, yana ƙas-ƙas. Ya mayar da filogin, bugu ɗaya babur ya tashi. Hayaƙi ya cika soro, yara suka fito da gudu suna tsalle. Ni na koma ɗaki na rufe ƙofa, don rabona da jin wannan ƙarar tun maigidana yana fita da ƙafafunsa. Hon ɗin na ce kada a mayar, a sa wani.

Dattijon ya gaya mini gaskiya kafin ya tafi, cewa kayan tsofaffi ne, za su yi aiki amma ba kamar na da ba. Haka kuwa aka yi. Duk ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi sai babur ya ƙi tashi, ko ya mutu a hanyar Shasha da kayana a kai, in zauna da tukunya a wuta ina jiran tumatir har masu cin rana su watse. Maƙwabcinmu ya yi iya ƙoƙarinsa, daga baya ya gaji ya kawo mini makulli yana ba ni haƙuri. Damina ta biyu na sayar wa wani mutum daga Ojoo da babur ɗin, na koma shiga motar haya zuwa kasuwa da kaina, da yaro a baya.

'Yan okadan garin su ƙanin suka daina kai wa dattijon aiki, suka ja wasu ma. Na je gaishe shi wata rana na tarar rumfar ba kowa, yana zaune yana gyangyaɗi. Na fara ba shi haƙuri ya ɗaga mini hannu. Ya ce da ya sake ganin irin wannan zai gyara ne kawai ya karɓi haƙƙinsa ya yi shiru, ya tsufa da shiga maganar gidan mutane. Bai faɗa da fushi ba. Ba da jimawa ba 'ya'yansa suka mayar da shi garinsu, wani mai sayar da man juye ya karɓi rumfar.

Ƙanin maigidana kuwa babur ɗinsa bai sake tsayawa ba. Ya tashi daga soronmu ya kama ɗaki, ya yi aure, ya ƙara babur na biyu da na uku ya ba yara 'yan garinsu suna masa aiki. Yanzu a sahun gaba yake salla. Da salla yakan aiko wa yaran da yadi, ya tabbatar an kawo shi da rana tsaka lokacin da lungu ya cika.

Bara aka ɗaura auren babbar 'yata. Wurinsa dangin ango suka je nema, shi ya yanka sadaki, shi ya ba da ita. Ina cikin gida ina jin mai sanarwa ta lasifika yana yabonsa, yana cewa ga wanda ya riƙe marayun ɗan'uwansa bai bari sun yi kukan rashi ba. Mata suka yi guɗa. Yayata ta zo ta ce in zuba abincin waliyyi a kai masa waje, kuma in zaɓi nama mai kyau. Na ɗauko babbar kula na zuba shinkafa, na tsamo cinyoyin kaza na jera a kai, na rufe na miƙa mata. Ta ce ba zan fito in yi masa godiya ba? Na ce wuta ta yi wa miya yawa, sai na rage itace.